WA ZAI BIYA KUƊIN KWATA? Zare kan ruwan sama da haraji a tarihin Daura 🧵

1/
Duk shekara in Agusta ta kama, hotuna iri ɗaya ne ke yawo daga garuruwanmu: katanga ta faɗi, an ɗora katifa a kan bulo, matasa da shebur suna yasar kwata ruwa na dukansu. A yi kwana uku ana zagin gwamnati, damina ta wuce, kowa ya manta. Bana kuma na ga ana ta musu a nan: a sa wa kowane gida kuɗin magudanar ruwa, ko kada a sa? Zaren yana da tsawo, ku gyara zama.

2/
Ni dai ɗalibin tarihi ne, don haka ta baya zan ɓullo wa maganar. Tambayata guda ce: kafin mu, wa yake biyan kuɗin fitar da ruwan sama daga cikin garin Daura, kuma da me yake biya? Amsar ta sauya sau uku. An biya da ƙarfin jiki, an biya da haraji, sannan aka shiga zamanin da muke ciki, wanda ba wanda ya san wa ke biya.

3/
Mu fara daga gida. Labarin da kowane yaro a Daura ya fara ji labarin ruwa ne. Rijiyar Kusugu, maciji mai suna Sarki, mutanen gari ba sa ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sai baƙo Bayajida ya zo ya kashe shi, Sarauniya Daurama ta aure shi. Masana sun daɗe suna muhawara kan yawan tarihin da ke cikin labarin. Ni abin da na ɗauka shi ne, a tunanin kakanninmu, wanda ya warware wa gari matsalar ruwa shi ya cancanci rabo a mulki.

4/
Amma garin da ke bakin Sahel matsalar ruwansa biyu ce. Wata takwas ana nemansa, wata huɗu ana neman yadda za a yi da shi. Ruwan shekara guda kusan duk yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, mafi yawa a Agusta, kuma ba yayyafi yake yi ba. Hadari ɗaya na awa biyu yana iya zubar da abin da zai cika unguwa.

5/
Ga ɗan lissafi don mu fahimci juna. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, in aka yi ruwa mai milimita 50, zai zubo da lita 5,000. Jarka 200 ke nan mai lita 25. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 da aka rufe shi duka da kwano da siminti, lita sama da 23,000, jarka sama da 900. Daga gida ɗaya, a dare ɗaya. Dole ruwan nan ya je wani wuri.

6/
To a tsohon gari ina yake zuwa? Ku tuna gidan kakanninku. Soro na ƙasa da azara, ruwa ya bi indararo ya sauka. Tsakar gida yashi ce, ta shanye abin da za ta iya. Sauran ya fita ta rariya zuwa lungu. Lungu ma ƙasa ce, ya ƙara shanyewa. Abin da ya rage ya gangara kududdufi. Ba siminti ko buhu ɗaya a cikin tsarin nan, amma tsari ne cikakke, daga saman soro har ƙarshen tafiyar ruwan.

7/
Kududdufi shi ne abin da ya fi burge ni. Ba wanda ya zauna ya ce bari mu haƙa madatsar ruwa. Ƙasar gini ake nema. A haƙa, a kwaɓa, a yi tubali, a gina gida, ramin ya zauna. Wato duk gidan da aka gina a gari, akwai ramin da ya bari a wani wuri daidai girmansa. Gari na ƙaruwa, wurin ajiye ruwan sama na ƙaruwa tare da shi. Yau kuwa duk gidan da aka gina yana ƙara ruwa ne, ba ya ƙara ma'aji.

8/
Kuma ruwan da ya taru ba asara ba ne. Da shi ake kwaɓa ƙasar yaɓe bayan damina, dabbobi su sha, a yi wanki, agwagi su yi kiwo. Wanda ya nitse ƙasa kuma ya koma wa rijiyoyin unguwa. Ruwan Agusta ne ake ja da guga a watan Maris.

9/
Kada in yi muku daɗin baki, kududdufi yana da nasa sharrin. Sauro, tsargiya, wari, kuma ba unguwar da ba ta da labarin yaron da ya je wanka bai dawo ba. Bature Hugh Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa wata fadama ta raba birnin biyu, ga ramukan da aka haƙa ƙasar gini cike da ruwan da ba ya tafiya, ya kuma ɗora musu laifin rashin lafiyar garin. Jakara yake nufi. Ginin Daura da na Katsina iri ɗaya ne da na Kano.

10/
To wa ke biya a wancan zamanin? Kowa, da jikinsa. Kafin ruwan farko maigida ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya buɗe rariya. Hanyar ruwan unguwa kuma aikin gayya ne, mai unguwa ya yi shela, matasa su fito, a yi kiɗa, a sha fura. Ganuwa ma da damina ta zaizaye, mutanen gari ake tarawa su gyara.

11/
Sai dai mu faɗi gaskiya, ba duk aikin ba ne na ganin dama. Akwai bayi, akwai aikin da sarki ya ce a yi wanda talaka ba shi da bakin cewa a'a. Wanda ya ɗauki kwandon ƙasa a kansa da wanda ya zauna a inuwa yana duba aiki ba su biya daidai ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

12/
Haraji na kuɗi ma akwai shi tun kafin Turawa. Kuɗin ƙasa, jangali, zakka, kuɗin karofi, kuɗin rafi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa a ƙasar Kano magidanci na biyan wuri 2,500 a shekara, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Amma wannan kuɗi na fada ne: dawaki, mayaƙa, kyautar malamai da baƙi, gaisuwar da ake aikawa sama. Kwatar unguwa ba ta cikin lissafin.

13/
Daura kuma ƙarni na 19 ya zo mata da rabuwa. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓi birnin, tsohon gidan sarauta ya fita, daga baya ya kafa Zango, wani reshe ya zauna a Baure. Daura uku ke nan a lokaci guda, birni na kallon Sakkwato, Zango na ƙarƙashin inuwar Damagaram. M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan wannan, The Affairs of Daura, ya fito a 1978. A irin wannan zama, kuɗin da aka tara yaƙi da tsaro yake tafiya.

14/
Sai Turawa suka zo. A shekarun farko na mulkinsu suka dawo da Sarki Musa daga Zango suka haɗe ƙasar a hannunsa. A 1906 gwamnatin Lugard ta yi dokar da ta dunƙule yawancin tsofaffin haraji suka zama ɗaya, ana raba abin da aka tara, rabi na Turawa rabi na sarki da hakimansa. Daga nan kalmar haraji ta samu ma'anar da kakanninmu suka sani.

15/
Abin da da yawanmu ba mu sani ba: baitulmalin En'e na farko a Arewa a nan makwabta aka fara gwada shi, a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Baturen nan H. R. Palmer. Zuwa 1911 tsarin ya fara bazuwa a sauran masarautu. Ma'anarsa, rabon sarki ya daina shiga aljihu kai tsaye. Ya shiga asusu, akwai Ma'aji, akwai kasafin shekara, sarki da hakimi da alƙali kowa ya koma ɗan albashi.

16/
Wannan ne karon farko da kuɗin talaka ya fara dawowa gari a matsayin aiki da ke rubuce a takarda. En'e na da sashen ayyuka, na da leburori, na gyara hanya da kasuwa da rijiya, ana fito da fursunoni su share gari. Babban misali Kano ce: a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'en Kano ta kawo ruwan famfo da wutar lantarki cikin birni da kuɗin baitulmalinta. Daura ƙaramar En'e ce, aljihunta bai kai nan ba, amma tsarin ɗaya ne.

17/
A nan ne kuma duba-gari ya shigo. Ku tambayi duk tsohuwar da ta haura saba'in, za ta ba ku labari. Ya leƙa randa, ya leƙa masai, ya duba rariya da kwatamin ƙofar gida. In ya ga ƙazanta, sai gaban alƙali, sai tara. Mutane na tsoronsa, wasu ma na ba shi na goro. Likitocin Turawa kuma kududdufi gidan sauro kawai suka ɗauke shi. Tunanin cewa cike kududdufi ci gaba ne daga nan ya samo tushe.

18/
Wani abin lura game da Daura: Sarki Abdurrahman ya hau a 1911, ya rasu a 1966. Shekara 55. Kusan duk zamanin En'e a Daura sarki ɗaya ne. Daga shi sai Sarki Muhammadu Bashar, 1966 zuwa 2007. Duk abin da za ka faɗa kan wancan tsari, in ruwa ya toshe a unguwa an san ƙofar da za a buga: mai unguwa, dagaci, hakimi, fada. Kuma mutumin da ka kai wa kuka shi ne dai wanda ya karɓi harajinka.

19/
To me ya sa mutane suka tsani haraji haka? Saboda yadda ake karɓarsa. Kuɗi ne a kan kowane namiji baligi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Lokacin kaka ake bi, lokacin da hatsi da gyaɗa ba su da daraja, sai mutum ya sayar da arha ya biya. Dattawa na ba da labarin shanya mutum a rana, da sayar da akuyar matarsa, da masu tsallaka iyaka su ɓuya har a gama. Ga kuma abin da ke maƙalewa a hannun masu karɓa kafin ya isa baitulmali.

20/
Shi ya sa da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, haraji da aikin tilas da zaluncin En'e na cikin manyan abin da su Malam Aminu Kano suka yaƙa. Yaƙin ya ɗauki kusan shekara 30. A 1979 gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Daura a lokacin tana cikin Jihar Kaduna. Talaka ya yi murna, kuma yana da gaskiyar yin murna.

21/
Kafin nan ma an riga an kwance En'e. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka karɓe mata 'yan doka da kotuna da gidan yari. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, sarakuna suka koma masu ba da shawara. Kuɗin mai ya shigo. Ƙaramar hukuma ta daina dogaro da abin da ta tara a gari, ta koma jiran kason wata daga Legas, daga baya Abuja.

22/
A nan ne, a ganina, igiyar ta tsinke. Ba ina cewa a dawo da haraji irin na da ba, Allah Ya kiyaye. Amma ku duba: ciyaman ɗin da kuɗinsa daga sama yake zuwa, sama zai riƙa kallo. Talakan da ba a karɓi komai a hannunsa da sunan kwata ba, in ya je tambaya sai a ɗauke shi mai roƙo. Aikin da yake haƙƙi ya koma alfarma, har ana sa allo da hoton wanda ya yi.

23/
Ana cikin haka sama ma ta yi mana wayo. Farin 1972 zuwa 1974, sannan na 1983 zuwa 1985. Kusan shekara 20 Sahel na cikin ƙarancin ruwa. Kududdufai suka ƙafe, hanyoyin ruwa suka zama fili. A daidai lokacin ne garuruwa ke faɗaɗa. Wanda ya sayi fuloti a kwari a wancan lokacin bai ga ruwa ba, ƙasa busasshiya ya gani mai arha. Unguwanni da dama a Arewa an yanka su ne da idon shekarun fari.

24/
Sai gini ya sauya. Bulo ya maye gurbin tubali, to ba a buƙatar ramin ƙasa a cikin gari. Kwano ya maye gurbin soro. Tsakar gida ta sha siminti, yanzu kuma intalok har ƙofar gida. Kududdufi ya zama juji, juji ya cika, sai ga shi an yanka shi fuloti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filin birni a hannun gwamna, bakin mai unguwa ya ragu a kan wa zai gina a ina. Daga baya leda ta zo, ta fiyawata da baƙa, ta ƙarasa toshe abin da ya rage.

25/
Ruwan kuma ya dawo, ya dawo da ƙarfi. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017, da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna manyan hadura masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. To ku haɗa: ruwa ya fi sauka a lokaci guda, ƙasar da za ta sha an rufe ta, ramin da zai ajiye an gina shi. Wannan ba sai an je wurin boka ba.

26/
An taɓa gwada dawo da gayya da ƙarfin soja, kuma ɗan Daura ne ya yi. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a Maris 1984, a 1985 aka ƙara da ɓangaren tsaftar muhalli. Daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. Kwatoci sun yi tsaf na ɗan lokaci. Amma tsoro ne ya riƙe tsarin, da tsoron ya tafi sai ya koma zaman gida har ƙarfe goma.

27/
Yanzu a doka aikin wa ne? Jihar Katsina ta samu a 23 ga Satumba 1987. Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu, Zango. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai ginawa da gyaran tituna da magudanun ruwa, da kwashe shara. Ya kuma ba ta ikon ƙiyasta gidaje don karɓar harajin gida yadda majalisar jiha ta tsara. Wato aikin da hanyar kuɗinsa duk suna rubuce shekara da shekaru.

28/
Amma tsarin mulkin nan dai, a sashe na 162, ya ƙirƙiro asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. Kuɗin ƙaramar hukuma sai ya bi ta hannun jiha. Sakamakon kowa ya sani a duk Najeriya, a biya albashi, sauran sai abin da aka ga dama. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Hukunci ne babba. Aiwatarwa kuma ita ce ake ta jan ƙafa.

29/
Sauran kuɗin daga nesa yake. Asusun kula da muhalli na tarayya tun 1981 yake. Bankin Duniya ya kawo NEWMAP a 2012 da dala miliyan 500, Katsina ta shiga daga baya, sannan ACReSAL a 2021 da dala miliyan 700 don jihohin Arewa. Irin wannan kuɗi yana gina babbar magudana, madalla. Amma bashi ne, kuma na gini ne. Yasa duk watan Mayu, gyaran murfin da ya karye, albashin mai kwashe yashi, wannan ba mai ba ka rance a kai.

30/
Daura kuma ta ƙara girma a idonmu. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 2019, harsashin Jami'ar Sufuri a Disambar shekarar, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa. Alheri ne, ba musu. Amma kowane sabon rufi da kowace sabuwar kwalta ku koma lissafin lamba 5 ku ninka. Tun ran gini tun ran zane.

31/
Gargaɗi kuma ya zo mana ta kowace kusurwa. Jibiya, daren 15 ga Yuli 2018, sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka tafi. Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle ta shiga Maiduguri. A watan nan dai ruwa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram da ke tsaye tun ƙarni na 19, kuma Damagaram ba nisa daga Kongolam. Mokwa, Mayu 2025, sama da mutum 150. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi.

32/
Ga abin da masu cewa "ba za mu biya ba" ya kamata su duba: muna biya ai. A unguwarmu duk shekara sai an bi gida-gida an tara kuɗin buhunan yashi da na mai tifa. Wanda katangarsa ta faɗi ya biya. Mai shagon da ruwa ya jiƙa wa buhun siga ya biya. Uwar da ta kwana asibiti da yaro mai zazzaɓi ko amai da gudawa ta biya. Harajin na nan, rasit ne kawai babu.

33/
Kuma ku dubi wa ke biya. Mai hali ya ɗaga harsashinsa, ya zuba intalok, ya juya bututun rufinsa waje. Ruwansa ya gangara ya shiga gidan ƙasa da ke kwari, na wanda bai da kuɗin bulo. Mai kawo ruwa da yawa ba ya asarar komai, wanda bai rufe ko taku ɗaya da siminti ba shi ke kwana tsaye. Kun tuna mai kwando da mai zama a inuwa? Su ne dai har yau.

34/
Wasu ƙasashe yaya suka yi? Landan a bazarar 1858 warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa. Cikin makonni suka yi doka, aka ci bashin fam miliyan 3, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai, aka riƙa biyan bashin da ɗan ƙarin haraji a kan gidaje shekara da shekaru. Magudanan na aiki har yau. Sai da warin ya shiga hancin manya tukuna, wannan kam duk duniya ɗaya ne 😅

35/
A garuruwan Jamus da yawa kuɗin ruwan sama daban yake da na ruwan ƙazanta, kuma ana auna shi da faɗin wurin da ka rufe da rufi ko siminti. Ka bar ƙasa ta sha ruwa, kuɗinka ya ragu. Birnin Filadelfiya a Amurka ya fara irin wannan lissafi ga manyan gine-ginen kasuwanci a 2010. In ka duba da kyau, tsohuwar ƙa'idar kududdufi ce aka mayar da ita kuɗi: gwargwadon abin da ka gina, gwargwadon abin da za ka tanadar wa ruwa.

36/
Akwai kuma inda abin ya watse. Jihar Maryland ta yi doka a 2012, 'yan adawa suka raɗa mata "harajin ruwan sama", sunan ya kama, Larry Hogan ya yi kamfe da shi ya ci gwamna a 2014, a 2015 aka cire tilascin. A nan gida Legas ta ƙara harajin filaye da gidaje a 2018, jama'a suka yi ca, gwamnati ta rage, a 2020 aka sake dokar. Darasi: in mutane ba su ga inda kuɗin zai je ba, komai kyan hujjarka za su ƙi.

37/
Masu ƙi a nan ma suna da hujja, kada mu raina su. Tun cire tallafin mai a Mayu 2023 magidanci da ƙyar yake cika tukunya. Ɗan kasuwa da ɗan acaɓa da mai keke-napep kullum a cikin yankar tikiti suke, ba su ga abin da aka yi da shi ba. Ga ƙwaƙwalwar haraji da muka gada. In ka ce wa jikan wanda aka shanya a rana "kawo kuɗin kwata", dole ya tambaye ka na baya ina suka shiga.

38/
To ni ina na tsaya? Ina goyon bayan a samu kuɗi tsayayye na magudanar ruwa, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan su riga karɓa. Na farko, ƙaramar hukuma ta fara da kason da take samu, ta ware wani abu, ta yi damina ɗaya ana gani. Na biyu, kada a sa shi a kan kai kamar harajin da. A auna da faɗin rufi da siminti. Gidan mai, otal, filaza, ma'aikatun gwamnati da manyan gidaje su fara. Gidan ƙasa a yafe masa.

39/
Na uku, asusu na daban, kuma kuɗin mazaɓa ya yi aiki a mazaɓar. Na Kusugu a Kusugu, na Mazoji a Mazoji, na Sabon Gari a Sabon Gari. A liƙa lissafin shiga da fita a ƙofar mai unguwa da ta masallacin Juma'a, kansila ya tsaya gaban jama'a ya karanta. Na huɗu, wanda ba shi da kuɗi ya biya da yinin aiki a rubuta masa, matasan da ke yasar kwata kyauta a ɗauke su a biya su.

40/
Na biyar, kuma wannan ko sisi ba ya ci: duk kududdufin da ya rage a ƙasar Daura a rubuta sunansa, a auna shi, a sa masa iyaka, a hana yanka shi. A kewaye shi saboda yara, a hana zuba shara. Masarauta na da rawar takawa a nan, don dagatai da masu unguwanni sun san inda ruwa ke bi tun kafin a haifi mai zanen taswira. Cike kududdufi ɗaya aikin mako ne, magudanar da za ta ɗauki ruwansa kuma miliyoyi.

41/
Yanzu ga roƙona. 'Yan Daura, Zango, Baure, Sandamu, Mai'aduwa, har da 'yan uwa na Katsina da Kazaure da Damagaram: ku tambayi iyaye da kakanni sunan kududdufin unguwarku, ina yake, yana nan ko an gina shi, a wace shekara. Ku ajiye a ƙasan zaren nan, zan tattara su wuri guda in sake kawo muku. Wanda ke da gyara ko ƙari, bismillah.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.